A Bar wa Ɗalibai Darasin Falle: Martani kan Salon Haske da Iyakar Yankewa

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta kwanan baya a kan yadda ake koyar da ilimin haske a jami'o'inmu, kuma akwai abubuwa da dama da na yarda da shi a kansu. Gaskiya ne ɗakunan gwaje-gwajenmu na fama da ƙarancin kayan aiki. Gaskiya ne ana cika wa ɗalibi kai da lissafi ba tare da an nuna masa inda zai yi amfani ba. Inda muka raba gari shi ne shawararsa ta a soke darasin magudanar haske ta falle daga tsarin karatu. A ganinsa falle abin allo ne kawai, babu shi a duniya. Abin da ɗalibi ke buƙata, in ji shi, bai wuce ya san cewa haske na komawa kacokan idan ya wuce kusurwar iyaka ba, daga nan zai bi magudana kamar ruwa a bututu, mai kauri ce ko siririya, sauran aikin kuma a bar wa kwamfuta. Ina ganin girman malam, amma wannan shawara in aka bi ta za ta cuci ɗalibai, kuma hujjar da aka gina ta a kai ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Ga wanda bai shiga wannan fage ba, ga abin da ake magana a kai. A samu abubuwa uku da haske ke iya ratsawa, a jera su hawa-hawa: daɓe a ƙasa, siririn falle a tsakiya, rufi a sama. Kowannensu yana da lambar lanƙwasa, wato adadin da ke nuna sau nawa gudun haske ke raguwa a cikinsa. Ta iska 1 ce, ta gilashin taga wajen 1.5, ta silikon wajen 3.48 ga hasken da ake sadarwa da shi. Idan lambar fallen tsakiya ta fi ta sama da ta ƙasa, hasken da ya shiga a kwance sosai, har ya wuce abin da ake kira kusurwar iyaka, zai riƙa bugun iyakar sama ya dawo, ya bugi ta ƙasa ya dawo, yana ci gaba da tafiya, babu abin da ke tsallakewa. Tsohon sani ne. Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar lanƙwasar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, Snell ya sake gano ta a 1621, Daniel Colladon na Jeniba kuma ya wallafa a 1842 yadda haske ke bin ruwan da ke tsartuwa daga tanki ko da ruwan ya lanƙwasa. Har nan ni da malam bakinmu ɗaya.

Saɓanin yana farawa ne daga tambaya guda: shin kowace kusurwar da ta wuce ta iyaka hanya ce? Malam ya ce e. A falle mai kauri maganarsa tana kusa da gaskiya. Ɗauki gilashi mai kaurin milimita 1 a cikin iska, ka haska masa jar leza mai tsawon zango nanomita 633. Kusurwoyin da aka yarje wa hasken sun kai wajen 3,500, sun cushe da juna har mutum ya ɗauka ko'ina hanya ce. To amma masu ƙera na'urorin sadarwa ba da milimita suke aiki ba. Fallensu sau da yawa bai kai maikiromita 1 ba, wani ma rubu'insa ne, kaurin da ya yi daidai da tsawon zangon hasken kansa ko ya gaza shi. A wannan sirantaka haske yakan daina nuna halin miƙaƙƙen layi, halinsa na igiya ya fito fili.

Igiya tana da taku: tudu, kwari, tudu, kwari. Hasken da ya tashi daga ƙasan falle ya hau sama ya dawo ya sake juyawa, dole ya faɗa kan taku ɗaya da wanda ke tasowa a bayansa, tudu kan tudu. In ba haka ba, bayan 'yan juyi kaɗan tudun wannan zai faɗa kwarin wancan su kashe juna. Ke nan bayan sharaɗin kusurwa akwai wani sharaɗin, wanda malam ya tsallake: jimillar takun da aka yi a zuwa da dawowa ta zama cikakken adadi, sifili ko ɗaya ko biyu ko uku, ba guntu ba. Kowane adadi yana ba da kusurwa guda tak, da siffa guda ta yadda hasken zai zauna a kaurin fallen. Wannan ake kira salo. Salo na farko, mai lamba sifili, haskensa a dunƙule yake wuri ɗaya a tsakiya. Na biyu ya rabu gida biyu, da duhu a tsakani. Na uku gida uku. Kuma kowannensu da gudunsa. Mai kaɗa gurmi ya san irin wannan a yatsunsa: tsarkiyar da aka ɗaure baki biyu ba kowane amo take bayarwa ba, sai wanda ya dace da tsawonta.

Wannan kuwa ana ganinsa da ido. A 1969 P. K. Tien da abokan aikinsa Ulrich da Martin, a ɗakunan binciken Bell a Amurka, suka fito da hanyar shigar da haske cikin falle ta amfani da firizim. Ana danna gindin firizim ɗin a kan fallen da ɗan sukurun matsi, har iskar da ta rage a tsakaninsu ta gaza tsawon zangon haske. Sai a kashe fitilar ɗaki, a kunna leza, a riƙa juya teburin a hankali. Da farko ba komai. Hasken ya shiga firizim, ya bugi gindinsa, ya fice ta ɗaya gefen. Ana cikin juyawa sai kwatsam wani siririn jan zare ya miƙe a cikin fallen, daga ƙarƙashin firizim har gefe. A ƙara juyawa ɗan mitsitsi, zaren ya ɓace. A ci gaba, duhu, duhu, duhu, sai ga shi ya sake bayyana a wata kusurwar. Duk kusurwoyin da ke tsakani sun cika sharaɗin malam, amma ba su wuce ba. Idan aka ɗora firizim na biyu a gaba domin fitar da hasken, za a ga layuka a jere a kan farin allo, kowane layi salo ɗaya. Daga kusurwoyin nan ake lissafa kaurin fallen da lambar lanƙwasarsa, kuma har yau masana'antu na auna siraran falle ta wannan hanya.

Akwai wani abin da kwatancen bututu ke ɓoyewa. Ko a komawa kacokan, haske ba ya tsayawa cak a kan iyaka. Yana leƙawa waje kaɗan, ƙarfinsa na dusashewa da sauri. Wannan ita ce jelar salo, kuma ta cikinta ne hasken firizim ke tsallake tazarar iska ya faɗa falle. Goos da Hänchen sun auna tasirinta a Jamus a 1947, suka nuna cewa hasken da ya dawo yakan fito ne ɗan gaba da inda ya buga. Leƙen nan yana sauya takun igiya, kuma yawan sauyin ya danganta da kusurwa. Daidai kan kusurwar iyaka sauyin sifili ne. Yayin da hasken ke ƙara kwanciya, sauyin na ƙaruwa har ya doshi rabin taku. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a kansa duk maganar yankewa ta rataya.

Yanzu a fara sirantar da falle. Domin kowane salo ya cika adadin takunsa a ɗan kaurin da ya rage, dole ya ƙara miƙewa, kusurwarsa ta matso kusa da ta iyaka. Jelarsa na ƙara tsawo, rabon haskensa da ke waje na ƙaruwa. Da zarar ya taɓa kusurwar iyaka, jelar ba ta da ƙarshe kuma, hasken ya kwarare cikin daɓe. Wannan ita ce iyakar yankewa. Masu aikin sukan faɗe ta da wata siga: kowane salo yana da tasa lambar lanƙwasa, wadda ke tsakanin ta falle da ta daɓe gwargwadon yawan haskensa na ciki da na waje. Muddin tana sama da ta daɓe, salon a tsare yake. Ta sauko ta taɓa ta daɓe, an yanke shi.

Kauri da tsawon zango da bambancin lambobi duk ana dunƙule su a adadi ɗaya da ake kira V:

V = (2π ÷ λ) × d × √(n₁² − n₂²)

A nan d kaurin falle ne, λ tsawon zango, n₁ lambar falle, n₂ lambar daɓe. Kogelnik da Ramaswamy sun nuna a 1974 cewa da wannan adadi, da wani guda mai auna bambancin rufi da daɓe, za a iya zana halin kowane falle a kan takarda ɗaya. A fallen da rufinsa da daɓensa abu ɗaya ne, salo mai lamba m yana yankewa ne a V = mπ. Na biyu a π, na uku a 2π. Na farko kuwa, mai lamba sifili, sai a V = 0, ma'ana komai sirantar fallen yana nan. Wannan ne malam ya riƙe da ya ce siririya ce ko mai kauri haske zai bi, kuma ga irin wannan falle ya yi daidai. Kuskuren shi ne ɗaukar hukuncin falle mai daidaiton gefe biyu a shafa wa kowane falle.

A nan nake son mu ɗan zauna, domin nan ne zuciyar darasin da ake son sokewa. Me ya sa salo na farko ba ya yankewa idan gefe biyu daidai suke? Saboda shi lissafinsa sifili ne: takun da aka yi wajen ratsa kaurin fallen dole ya yi daidai da sauyin takun da iyakokin biyu suka jawo, su soke juna. Idan falle ya sirance, takun ratsawa ya ragu, sai salon ya matsa kusa da kusurwar iyaka, inda sauyin iyakokin biyu ke raguwa tare zuwa sifili. Kullum akwai inda za su haɗu. To amma a canza rufi, a mai da shi iska, daɓe kuma ya zauna gilashi. Yanzu kusurwoyin iyaka biyu ne, ba ɗaya ba. Ga falle mai lamba 1.55 a kan daɓe mai 1.50, ta ƙasa tana wajen digiri 75, ta sama wajen digiri 40. Salon ba zai iya sauka ƙasa da 75 ba, domin daɓe zai shanye shi. A digiri 75 ɗin sauyin iyakar ƙasa ya zama sifili, amma na iyakar sama yana nan da girmansa, tunda an yi wa digiri 40 nisa. Wannan sauyin sai an biya shi da takun ratsawa, takun ratsawa kuma sai da kauri. Idan kaurin bai kai ba, babu kusurwar da za ta daidaita lissafin. Ba salo ɗaya ne ya rage ba, babu ko ɗaya.

Ga alƙaluman, kowa ya ɗauki na'urar lissafi ya bi sawu. Falle 1.55, daɓe 1.50, rufi iska, jar leza mai nanomita 633. Salo na farko yana yankewa ne a kaurin wajen nanomita 320. Falle mai kaurin 300 ya cika duk abin da malam ya ce a koya wa ɗalibi: lambarsa ta fi ta sama, ta fi ta ƙasa, kusurwar iyaka tana nan. Amma ba zai riƙe haske ba. Shi kuma salo na biyu sai kauri ya kai wajen 1,130 yake shigowa. Da a ce an lulluɓe fallen da gilashi mai 1.50 a sama, da salo na farko ba shi da iyakar yankewa ko kaɗan, salo na biyu kuma ya shigo tun a wajen 810. Sauya rufi kaɗai ya sauya komai. Mafi yawan fallen da ake fara shimfiɗawa a ɗakin gwaji kuwa irin na farkon ne, abu a kan gilashi, iska a bisa. Ɗalibin da aka koya wa bututu zai shimfiɗa fallensa, ya haska leza, ya ga duhu, ya shiga zargin leza da firizim da ƙura, alhali kauri ne bai kai ba.

Bai ma tsaya nan ba. Haske na iya shiga falle ta hali biyu: ko dai lantarkinsa na kaɗawa a kwance, daidai da shimfiɗar fallen, wanda ake wa alama da TE, ko kuma maganaɗisunsa ne a kwance, lantarkin ya fi karkata tsaye, wanda ake wa alama da TM. Sauyin taku a kan iyaka ya bambanta tsakaninsu, saboda haka iyakar yankewarsu ma ta bambanta. A fallen da muka auna, TM na farko sai a wajen nanomita 370 yake samun zama. Tsakanin 320 da 370 ke nan fallen na ɗaukar mai kwance, yana zubar da ɗayan. A silikon da ke kan silika, iska a sama, ga haske mai nanomita 1,550, tazarar ta fi faɗi: TE na yankewa a wajen nanomita 25, TM a wajen 100. Injiniyoyi na amfani da wannan da gangan wajen tace haske. Wanda bai san da shi ba kuwa zai rasa rabin siginarsa bai san ta inda ta bi ba.

Ɗalibin kimiyyar lissafin ƙwayoyin zarra zai ga ya san wannan hanya, domin lissafin TE daidai yake da na ƙwayar lantarki a rijiyar Schrödinger mai iyakantaccen zurfi: mai bango daidai ba ta rasa mazauni ɗaya, mai bango ɗaya sama da ɗaya tana iya rasawa. Darasi ɗaya ya buɗe ƙofa biyu. Ɗalibin injiniyan sadarwa shi kuma yana buƙatar a raba masa wannan yankewa da wadda ya sani a bututun ƙarfe na rada, wadda Lord Rayleigh ya lissafa tun 1897. A can, igiyar da ta gaza iyaka ba ta shiga, komawa baya take yi. A falle babu ƙarfen da zai tare ta, tsiyayewa take yi cikin daɓe, ta je ta dami maƙwabtan na'urori.

Sai batun cewa falle babu shi a duniya. Gaskiya ne babu fallen da faɗinsa ba shi da ƙarshe. Amma wanda faɗinsa ya ninka kaurinsa sau ɗari ko sau dubu yana nan a cikin kayan da muke taɓawa kullum. Lezar da ke tura haske cikin zaren faiba falle ce. Herbert Kroemer ya kawo shawarar a 1963, Zhores Alferov ma haka a Leningrad, cewa a sa siririn falle mai fitar da haske a tsakanin wasu biyu masu ƙaramar lambar lanƙwasa, su tsare ƙwayoyin lantarki da haske a wuri guda. A 1970 ƙungiyar Alferov a cibiyar Ioffe, da Hayashi da Panish a Bell, suka samu irin wannan leza tana ci ba yankewa a zafin ɗaki, ba sai an sanyaya ta ba. Fallen tsakiyar galiyom asenaid ne mai lamba wajen 3.6, na gefe kuma an gauraya masa alminiyom lambarsa ta sauko wajen 3.4. Saka su a lissafin V tare da tsawon zangon hasken lezar, za ka ga salo ɗaya ne muddin kauri bai wuce wajen nanomita 370 ba. Kuma da yake gefe biyun daidai suke, ana iya sirantar da shi zuwa 100 ko 200, wutar da yake ci ta ragu, hasken bai suɓuce ba. Alferov da Kroemer na cikin waɗanda aka ba lambar Nobel a 2000 saboda wannan aiki.

Ko a duba silikon da ake ƙera da'irorin haske da shi yau, wanda Stewart Miller ya hango irinsa tun 1969 da ya yi rubutu a kan haɗa na'urorin haske a fuska ɗaya. Kaurin da masana'antu da yawa suka tsaya a kai shi ne nanomita 220. Silikon 3.48, silika 1.444, haske 1,550: salo na biyu na shigowa a wajen 245. Ke nan 220 na zaune ne ƙasa da iyaka kaɗan, inda hasken ya matsu iya matsuwa amma na biyu bai samu shiga ba. A ƙarƙashin fallen akwai silika mai kaurin maikiromita 2 ko 3, sannan babban silikon da ke ɗauke da komai. Me ya sa har 2 ko 3? Saboda jela. Ga TE a wannan falle, duk nanomita 100 jelar na raguwa wajen ninki 2.7. Idan silikar ta yi siranta, jelar ta taɓa silikon na ƙasa mai babbar lamba, hasken ya tsiyaye. TM jelarsa ta fi tsawo, shi ya sa ya fi buƙatar daɓe mai kauri. Duk waɗannan lambobi daga darasin falle suke fitowa, a rabin shafi.

Zaren faiba kansa ƙanen falle ne da aka naɗe. Bayan Charles Kao da George Hockham sun nuna a 1966 cewa ƙazantar gilashi ce ke cinye haske, kamfanin Corning kuma ya ja zaren da asararsa ta gaza desibel 20 a kilomita a 1970, babbar tambaya ta koma kan yawan salo. A zare mai salo da yawa, wanda bambancin lambobinsa ya kai kashi 1 cikin 100, salo mai sauri na riga mai nawa isowa da wajen nanosakan 50 a kowace kilomita, saƙonni su hau kan juna. Magani shi ne a sauko ƙasa da iyakar yankewar salo na biyu, wadda a zare take V = 2.405 idan aka auna da rabin faɗin cibiya. Shi ya sa cibiyar zaren tafiya mai nisa take wajen maikiromita 9 a cikin gilashi mai 125, shi ya sa ƙa'idar G.652 ta ce iyakar yankewar kebul kada ta wuce nanomita 1,260, tunda da 1,310 da 1,550 ake aiki. Kebul na ƙarƙashin teku da suka sauka Legas, irin su MainOne a 2010 da Equiano a 2022, da zare mai salo ɗaya suke aiki. Mai haɗa waya da ke bambanta kebul mai ruwan ɗorawa da mai ruwan lemo a ɗakin na'urori, salo ɗaya da salo da yawa yake bambantawa. Idan ya jona haske mai nanomita 850 a mai ruwan ɗorawar, salo na biyu zai farka, domin an haura iyaka. Ɗalibin da ya san falle zai gane dalili nan take.

Na zo kan kwamfuta, inda malam ya fi jingina. Ba na musun amfaninta. Magudana mai kusurwa huɗu, irin ziririn silikon mai faɗin nanomita 500 da kaurin 220, ba ta da cikakkiyar warwara a takarda. Marcatili ya kusanto ta a 1969 ta hanyar haɗa falle biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, Knox da Toulios suka inganta dabarar a 1970, kuma duk dabarun biyu suna kaucewa idan salo ya kusa yankewa ko bambancin lambobi ya yi yawa. A nan dole sai kwamfuta, malam ya yi gaskiya. Amma ya kamata a san yadda take aiki. Kai ne za ka zana mata akwatin da za ta yi lissafi a ciki, kai ne za ka faɗa mata salo nawa za ta nemo. Ka ce goma, goma za ta kawo. Ga ziririn nan a lulluɓe da silika, jerin zai fara da wajen 2.4, sai wajen 1.8, sai wani da ya ɗara 1.444 da kaɗan, sannan sauran su biyo a ƙasa da 1.444, kowanne da hotonsa mai launi. Na farko TE ne, na biyu TM, na uku salo ne da ke bakin yankewa, wanda saboda shi wasu ke rage faɗin zuwa 450. Sauran kuwa ba salon magudana ba ne sam, haske ne da ke kai-komo a cikin akwatin da ka zana. Ka ƙara girman akwatin, lambobinsu su canza. Manhajar ba za ta ja maka kunne ba. Wanda zai iya jan layi a 1.444 ya ce daga nan ƙasa a watsar, shi ne wanda ya san mece ce iyakar yankewa.

Haka kuma kusa da yankewa jela na tsawo. Idan akwatin ya yi ƙanƙanta zai datse ta, lambar da za ta fito ta zama ba daidai ba, har salon da ke nan ya ɓace ko wanda babu ya bayyana. Sanin girman akwatin da ya isa yana buƙatar kintacen tsawon jela tun kafin a danna maɓalli. Su kansu masu rubuta irin waɗannan manhajoji da falle suke gwada su, domin shi ne wanda aka san amsarsa daidai. Abin da ake auna kwamfuta da shi ne ake son a cire, a bar ɗalibi da kwamfutar.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da jami'o'inmu ke ciki, wanda malam da kansa ya bayyana. Manhajojin kasuwa na wannan fage suna da tsada. Akwai na kyauta, kamar MPB da Meep da suka fito daga MIT, amma ko su suna son wanda ya san abin da yake nema. Darasin falle kuwa takardar zane da na'urar lissafi ta aljihu sun ishe shi. A fagen da kusan komai sai da kuɗi, wannan ne ɓangaren da ɗalibinmu zai iya mallaka daidai da ɗalibin kowace ƙasa, ko da wuta ko babu. Idan koyarwar ce ta bushe, kuma na yarda sau da yawa ta bushe, a gyara koyarwar. A fara da lambobin gaske, 220 da 245, kafin a shiga alamomi. A sa ɗalibi ya zana lanƙwasassun layuka biyu, na takun ratsawa da na sauyin iyakoki, da hannunsa ya ga inda suka gitta, ya rage kauri ya ga gittawar ta ɓace. Sannan ya rubuta ɗan gajeren shiri a kwamfuta da zai warware lissafin, sannan a ba shi babbar manhaja ya gwada amsarta da tasa.

Ina roƙon malam ya yi gwaji ɗaya kafin ya kai shawararsa gaban kwamitin tsarin karatu. Ya buɗe manhajar da ya amince da ita, ya sa falle 1.55 a kan daɓe 1.50, iska a sama, haske nanomita 633. Ya gwada kauri 400, sannan 350, sannan 300. A 400 zai samu TE da TM duka sama da 1.50. A 350 TE kaɗai zai rage, shi ma da ƙyar, jelarsa ta nutse cikin daɓe, har sai ya faɗaɗa akwatin kafin ya gan shi da kyau. A 300 manhajar za ta ci gaba da ba shi jerin lambobi da hotuna yadda ya nema, amma duk za su kasance ƙasa da 1.50. Sai ya miƙa wannan jeri na uku ga ɗalibin da aka koya wa kusurwar iyaka kaɗai, ya tambaye shi salo nawa fallen ke ɗauke da shi.